Gilashin da kike son saya wa Hajiya

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, kuma ni ce 'yar fari a gidanmu. Mahaifiyarmu shekararta 74. Bayan rasuwar Baba, tana fita takaba ƙanena ya ɗauke ta daga gidanmu na cikin birnin Kano ya mai da ita gidansa a sabuwar unguwa. Ya ware mata ciki da falo, ga sola, ga mai aiki. Ba ta nemi ci ko sha ta rasa ba. Amma Hajiyar da na sani mai hira da son jama'a ta yi shiru. Gwiwa ta hana ta fita, ta daina zuwa biki da suna, ta bar Islamiyya. Idan na kira ta, daga "lafiya lau, alhamdu lillahi" sai ta miƙa wa yara wayar. A wurin aikinmu an kawo wani gilashi na duniyar kwamfuta da ake ɗaura wa tsofaffi a fuska, mutum ya gan shi a bakin teku ko a garin da aka haife shi kamar yana tsaye a wurin. Na ga waɗanda suka yi hawaye don daɗi. Ina so in sayi irinsa mai suna Meta Quest guda biyu, ɗaya nata ɗaya nawa, mu riƙa haɗuwa a ciki, ta kuma riƙa ganin Harami. Ƙanena ya ce ɓarnar kuɗi ce, har muka yi sa-in-sa. Anti, ni ce ba ni da gaskiya?

Ɗiyar Hajiya, daga Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, don ba kowane ɗa ke jin shirun uwarsa daga wata ƙasa ba.

Kada ki saya yanzu. Ban ce kada ki saya har abada ba, kuma ban ce idonki ya yi miki ƙarya a wurin aiki ba. Abin da kika gani gaskiya ne, kuma ba ke kaɗai kika gan shi ba. Kaɗaicin tsofaffi ya dami ƙasashen da kuke zaune har ya zama maganar gwamnati: Birtaniya ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, sannan a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane yana iya cutar da jiki kamar shan taba kara 15 a rana. A cikin neman mafita ne kamfanoni irin su Rendever da Mynd Immersive suka shiga kai wannan gilashi gidajen tsofaffi. Jami'ar Stanford ma ta yi bincike tare da Mynd a kan mutum 245, masu shekara 65 zuwa 103. Kusan kashi 80 cikin 100 sun ce sun ji ransu ya yi sanyi bayan sun saka, kusan kashi 60 kuma sun ce sun ji kaɗaicin ya ragu.

Sai dai ki duba yadda aka samu waɗannan alkaluma. Kallo ne na 'yan mintuna, aka tambayi mutane yadda suka ji, kuma kamfanin da ke sayar da kayan yana cikin aikin. Binciken da kansa ya nuna cewa waɗanda ganinsu da jinsu suka yi rauni ba su ji daɗin abin kamar sauran ba. Bai ce mana komai a kan tsohuwar da aka aika wa na'ura a kwali aka bar ta da ita a ɗaki ba.

Yanzu ki tuna ranar da aka kawo shi wurin aikinku. Wa ya ɗaura wa tsohuwar nan da ta yi hawaye? Wa ya gyara mata maɗaurin, ya zaɓo mata garinsu, ya riƙe mata hannu yana tambayarta me take gani? Da aka cire, wa ya zauna ta ba shi labarin gidan da ta girma a ciki? Ke ce, ko abokiyar aikinki. Tsarin Rendever ma haka aka gina shi: ana tara tsofaffi a falo ɗaya, ma'aikaci yana sarrafa abin daga allon hannunsa, duk su ga abu guda a lokaci guda, su yi ta musu da dariya a kai. Gilashin dalili ne kawai na zama tare. A gidan ƙanenki, da ƙarfe goma na safe, shi yana wurin nema, matarsa na wurin aiki ko kicin, yara na makaranta, wa zai yi wa Hajiya wannan hidima?

Ga kuma na'urar ita kanta. Nauyinta ya kai rabin kilo, duk a goshi da kumatu, a kan ɗankwali. Batirinta awa biyu ne da ɗoriya. Sai an buɗe mata asusun Meta, kamfanin da ya ƙera ta, an haɗa ta da waya, kuma haɗuwar da kike mafarki tana son intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Rubutun ciki ba da Hausa yake ba. Da abubuwan riƙewa biyu masu maɓallai ake sarrafa ta, alhali ido a rufe. Wasu mutane jiri da tashin zuciya take sa su, saboda ido yana shaida wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, cikin kunne kuma yana cewa a zaune ake. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da faɗuwa ɗaya ke yi wa ƙugun mace mai shekara 74. Idan kuma ta lalace, ba waya ba ce da za a leƙa Farm Centre a canja mata gilas kafin la'asar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne haɗuwar. Idan kuka shiga ku biyu, ba fuskarki za ta gani ba. Wata 'yar zane za ta gani mai magana da muryarki tana kaɗa hannu. Matar da take marmarin ganin ko kin rame ko kin yi ƙiba, ko idonki ya nuna gajiya, me za ta yi da zane? Kiran bidiyo na WhatsApp da kike rainawa ya fi shi a wannan fanni nesa ba kusa ba.

To, mu bar gilashi mu koma kan Hajiya, don a wasiƙarki amsar take.

Kin ce an ɗauke ta daga cikin birni. Ki zauna ki lissafa mutum nawa ke shiga tsohon gidanku daga asuba zuwa isha'i. Maƙwabciya mai aron rariya, yarinya mai tallar ƙosai, almajirin gidan, mai kawo kuɗin adashi, amaryar da ta yi yaji aka ce ta fara biyawa ta wajen Hajiya, mai jegon da ake tambayar yadda za a yi mata ruwan wanka. Ba wanda ya sa rana, ba wanda ya buga waya. Sallama kawai ake yi a zaure a shigo. A can Hajiya mutum ce da ake buƙata: da ita ake haɗa lefe, da ita ake sasanta ma'aurata, ita ake aikowa a tambaya idan an yi rasuwa. A sabuwar unguwa akwai katanga mai tsawo, da get, wataƙila har da maigadi. Maƙwabta ba su san ta tana da ƙarfinta ba, tsohuwar gidan wane kawai suka sani. Ƙanenki ya ba ta hutu da kyakkyawar niyya, amma a cikin hutun aka raba ta da aikinta da mutanenta a rana ɗaya, ga kuma rashin mijin da suka yi shekaru tare.

Ƙawayenta fa, me ya hana su zuwa? Sa'o'inta ne, gwiwarsu irin tata ce. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu daga cikin gari zuwa bayan gari, zuwa da dawowa, ya zama abin da tsohuwa za ta yi tunani sau biyu kafin ta kashe. Mun taso muna jin zumunta a ƙafa take. To ƙafar ce ta gaza, abin da zai maye gurbinta kuma ya yi tsada. Wannan matsala ce da kuɗinki zai iya warwarewa kai tsaye. Quest 3S, mafi araha a cikin gilasan Meta, dala 299 aka sa masa da ya fito a 2024. Guda biyu a wancan farashin kusan dala 600 ke nan kafin kuɗin aikowa. Ki juya shi da canjin yau, ki ga watanni nawa zai biya amintaccen mai adaidaita guda ɗaya, wanda aka san gidansu, da zai riƙa zuwa duk Juma'a ya kai Hajiya tsohuwar unguwa ta wuni, wani satin kuma ya kwaso mata aminanta biyu ko uku su wuni a wajenta. Idan tsohon gidan yana nan ba a sayar ba, a gyara mata ɗakinta ta riƙa kwana biyu a can duk wata. Za ku sha mamakin yadda gwiwar za ta yi sauƙi ranar tafiya.

Akwai kuma abin da Hajiya ba za ta taɓa faɗa da bakinta ba. Mace irinta ba ta zuwa biki hannu rabbana. Suna yana son sabulu ko turmin atamfa, biki yana son gudummawa, gaisuwar mara lafiya tana son ko lemo ne, jikan da ya zo gaishe ta yana son a damƙa masa wani abu. Da, tana da adashinta da 'yar sana'arta da abin da Baba ke ba ta. Yanzu komai sai an saya an kawo mata, kuma ba za ta buɗe baki ta roƙi ɗanta kuɗin barka ba. Da yawa daga cikin tsofaffin da ake cewa ciwo ya hana su fita, kunyar zuwa ba komai ce ta zaunar da su. Ki ware wani abu duk wata wanda zai shiga hannunta ita kanta, ba cikin cefanen gida ba, kuma kada kowa ya tambaye ta me ta yi da shi. Haka nan a gidan suruka, komai kirkin surukar, tsohuwa mai kara tana takura kanta. Ba za ta gayyato baƙi ta sa a ɗora musu tukunya ba. Ƙaramin gas a ɓangarenta da 'yan kayan shayi da buhun shinkafa nata na kanta za su ba ta bakin cewa "ku zo ku wuni."

Sannan jiki. Ki sa a duba kunnenta. Wannan miƙa wa yara waya da take yi, ba lallai ƙin hira ba ne, wataƙila ba ta jin ki sosai ne, kuma tana jin nauyin ta yi ta cewa "na'am?" Tsohon da jinsa ya ragu yakan janye daga taro a hankali, don zama cikin mutane ana dariya bai san dalili ba ciwo ne. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya taru, a wanke a wuce wurin. Wani lokaci sai an haɗa da na'urar ƙara ji. Rahoton masana na mujallar Lancet na 2020 ya lissafa raunin ji da kaɗaici cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa, waɗanda kuma ake iya yin wani abu a kai. A duba ido ma. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da manya a Najeriya, aikinta kuma ba ya ɗaukar lokaci, ga asibitocin ido a Kano. Barin Islamiyya na iya zama don baƙaƙen sun daina fitowa ne, ba don nisa ba. Gwiwa kuma a kai ta Asibitin Ƙashi na Dala ta ga likita, a ji ko gashi da motsa jiki da sanda mai kyau za su taimaka, a daina dogaro da ƙwayoyin kashe ciwo na kemis masu cin ciki da ƙoda. Idan kuma an lura ba ta barci, ba ta cin abinci, tana ramewa, tana yawan zancen ta gaji da duniya, to wannan ya wuce kewa, ciwon damuwa ne mai magani, a faɗa wa likita ƙarara. Mu kan rufe shi da "tsufa ne" ko "haƙuri za ta yi," alhali ana warkewa.

Ke kuma, kin manta ke 'yar fari ce? Matan zamaninsu Hajiya ko sunan ɗan fari ba sa faɗa, balle su ce masa suna kewarsa. Ko shekara za ki yi kina tambayar "ya jiki," "lafiya lau" za ki samu. Labarin gaskiya yana wajen ƙanwarta, ko aminiyarta, ko autarku. Ki kira su ki ji. Ita kuma ki canja irin tambayar da kike mata. Ki nemi abu a wajenta. Ki ce kin yi miyar kuka ta ƙi yin daɗi, me kika rage? Ki ce 'yarki ta fara rashin ji, yaya ta yi da ke? Ki tambaye ta yadda kuke da mutanen wani gida da kika ji an yi musu rasuwa, za ta jero miki dangantaka har kaka ta huɗu, ki ga minti talatin ya wuce ba ta nemi yara ba. Ki sa lokaci tsayayye da za ta riƙa jira, misali bayan la'asar ranar da ba ki da aiki. Abin ma ya zo miki da sauƙi, don lokacin zafi agogonku ɗaya da na Najeriya, lokacin sanyi kuma awa ɗaya ce tsakani. A saya mata waya mai babban allo da murya mai ƙarfi, a koya mata danna saƙon murya kaɗai. Tsofaffi da yawa da ba su iya rubutu a waya ba sun ƙware a wannan, har su dame ka.

Jikokin da ke gidan ma a ba su aiki a ɗakinta. Su riƙa biya mata haddarsu bayan magariba, a can za su ci tuwon dare. Wasan kaka da jika, ta kira wannan maigidanta ta kira waccan kishiyarta, magani ne da muke da shi a gida ba mu san darajarsa ba sai mun ga inda babu shi. Ke kina gani kullum.

Idan an yi waɗannan, aka ga Hajiya ta fara dawowa, kuma kuɗi ya ragu, to ki sayi gilashin, amma guda ɗaya, kuma ki riƙo shi da kanki in za ki zo hutu. Maganar Harami da kika kawo ita ce hujjarki mafi ƙarfi. Akwai bidiyoyin Makka da Madina da aka ɗauka ta kowace fuska, mutum ya waiga ya ga masu ɗawafi a bayansa, ya ɗaga kai ya ga hasumiya. Hukumar masallatan biyu ta Saudiyya da kanta ta ƙaddamar da irin wannan don ganin Hajarul Aswad a ƙarshen 2021, har hukumar addini ta Turkiyya ta fito a 2022 ta tunatar da mutane cewa wannan ziyarar ido ce, ba ta zama aikin Hajji. Hajiya ba ta buƙatar wannan tunatarwa, amma za ta ji daɗin kallon fiye da na tashar Makka da ke talabijin. Sai dai in tare da Baba suka sauke farali, ki shirya wa kuka. Ba laifi ba ne, amma ba kukan da za a bar mutum ya yi shi kaɗai da abu a ɗaure a fuska ba ne.

Ki sauke bidiyoyin tun kina can don kada ku dogara da data. Ta zauna a kujera mai hannu, kada ta miƙe da shi ko sau ɗaya. Ku fara da minti biyar, da hoton da kyamara ke tsaye wuri ɗaya, ban da na jirgi ko na gudu. Tana cewa kanta na juyawa a cire, a bari sai wata rana. Idan tana da na'urar bugun zuciya a ƙirji, ko ta taɓa farfaɗiya, ko an sa mata na'urar ji, a tambayi likita tukuna, don kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kan waɗannan. Kada a ajiye shi inda rana za ta haska cikin gilasan, tana ƙona allon ciki, kuma a rufe shi saboda ƙurar hunturu. Ana iya haɗa shi da talabijin ko waya yadda na gefe za su ga abin da take gani, kuma haka nake so a yi kullum: ita tana ciki tana nuna musu ƙofar da suka shiga da inda suka zauna, jikoki na waje suna tambaya. Kada ki sa ran nuna mata lungunku na cikin birni kamar yadda ake nuna wa Turawa titin gidansu. Lungun da adaidaita ba ya shiga, sai dai wani ɗan'uwa ya ɗauko mata shi da kyamara.

Na kuma san abin da zai faru bayan kin koma: cikin wata guda yara za su mallake shi suna wasan dambe. Don haka tun farko ki ce na Hajiya ne, a durowarta yake kwana, makulli na hannunta. Mai so ya zo ɗakinta ya gaishe ta ya roƙa, ya yi a gabanta, manya kaɗai, don ba a yi shi don ƙananan yara ba. Ko da ita ba ta ƙara sakawa ba, ya ja mata mutane ɗaki, kuɗinki bai faɗi ba.

Saura ƙanenki. Shi ke tashi da dare in ta yi tari, shi ke bin layin asibiti, matarsa ke dafawa. Sai ga Yaya daga Ingila ta bugo tana cewa Hajiya na cikin kaɗaici, ga na'urar da za ta gyara. A kunnensa, cewa kika yi ya gaza. "Ɓarnar kuɗi" da ya ce, rabinta lissafi ne, rabinta ciwon wannan magana. Ke kuma, in za ki yarda, wani ɓangare na son sayen nan nauyin nisa ne da ke damun ki, kina neman abin da za ki riƙe ki ce kin yi. Ba abin kunya ba ne, duk wanda ya bar iyaye a gida ya san shi. Ke ce babba, ke za ki fara kira. Ki gode masa, ki gode wa matarsa da sunanta, kada ki ambaci gilashi ko kaɗan. Ki ce kina so ki ɗauki nauyin asibitin kunne da ido da kuɗin mai adaidaita, shi ya zaɓo mutumin da ya yarda da shi. Ki kuma roƙe shi ya nemo miki lambar aminiyar Hajiya ta tsohuwar unguwa, don da ita za ku tsara Juma'ar farko.